Zarto Mai Inji a Garin Laurel

Ran Jumma'a, 29 ga watan Yuni na shekara ta 2012, an wuni ana zafi a birnin Washington da kewayensa, irin zafin da ko mutumin Sakkwato zai yarda cewa lalle rana ta yi. Ma'auni ya kai digiri 40. Da dare ya yi, wajen ƙarfe goma da rabi zuwa sha ɗaya, sai ga wata iska ta taso daga yamma, wadda ta faro tun da hantsi daga can tsakiyar ƙasar Amurka, ta ci tafiyar mil wajen 700 a cikin sa'a 12. Ba ta daɗe a kan kowane gari ba, amma kafin gari ya waye gidaje da kantuna wajen miliyan 4 sun rasa wutar lantarki, mutum 22 kuma sun rasu, yawancinsu itace ne ya faɗo musu.

Garin Laurel yana cikin garuruwan da iskar nan ta bi ta kansu. Yana cikin jihar Maryland, a bakin kogin Patuxent, kusan tsaka-tsaki tsakanin Washington da Baltimore, mil wajen 20 daga kowanne. Asalinsa garin masaƙar auduga ne, amma yanzu mazaunin ma'aikata ne masu sammako zuwa manyan biranen nan biyu, a cikinsu kuwa har da mutanen Afirka ta Yamma masu yawa. Gari ne mai duhuwar itatuwa. Daura da shi akwai gandun dajin Patuxent wanda Shugaba Franklin Roosevelt ya keɓe a 1936 domin binciken namun daji, a cikin unguwanni kuma da wuya a ga gidan da babu dogon itace a gabansa ko a bayansa, wani ma ya ninka tsawon gidan sau uku. Ba wannan ne karo na fari ba. A watan Satumba na 2001 wata guguwa mai juyawa ta kashe ɗalibai biyu a College Park, sa'an nan ta wuce ta yi ɓarna a Laurel, a Satumba na 2003 kuma guguwar teku da aka yi wa suna Isabel ta kayar da itatuwa ba iyaka a wannan yanki.

Duk sa'ad da irin wannan ta auku, abin da ke biyo baya iri ɗaya ne. Da asuba za a ji ƙara tana tashi daga wannan lungu da wancan, kamar ta babura masu yawa an tayar da su gaba ɗaya. Magidanta ne suka fito da zarto mai inji domin su buɗe hanyar mota, ko su ɗauke reshe daga kan rufi. Wani ya shekara biyu bai taɓa nasa ba, wani aro ya yi a wurin maƙwabci, wani kuwa a ranar ya saya, takardar bayanin ma tana cikin kwali bai buɗe ta ba. A nan ne haɗari na biyu yake, wanda ba a cika ba da labarinsa ba. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta taɓa ƙiyasta cewa a kowace shekara mutum wajen 36,000 ake kaiwa asibiti a ƙasar saboda raunin wannan zarto, ta kuma ce haɗarin yana ƙaruwa bayan guguwa.

Shi wannan inji bai wani tsufa ba. Wani Bajamushe, Andreas Stihl, ya ƙera mai aiki da lantarki a 1926, ya fito da mai shan fetur a 1929, amma na wancan zamani nauyinsu sai mutum biyu. Sarƙar da ake amfani da irinta a yau kuwa wani mai saran itace ne a jihar Oregon, Joseph Cox, ya tsara ta, ya fara ƙera ta a 1947, bayan ya zauna ya lura da yadda tsutsar wani ƙwaro take cin itace da haƙoranta, dama da hagu. Tun daga nan injin ya yi ta raguwa har ya zama abin da mutum ɗaya zai rataya a hannu. Sauƙin nan shi ne ya kai shi ɗakin ajiyar akawu da malamin makaranta, waɗanda ba su taɓa riƙe ko gatari ba.

Yadda yake aiki ba wuya. Ƙaramin inji ne irin na tsofaffin babura masu shan fetur gauraye da mai, yana juya sarƙa mai haƙora a kewayen wani dogon ƙarfe mai faɗi. Gudun sarƙar yana kai mita 20 a daƙiƙa guda, watau fiye da kilomita 70 a sa'a. Abin da ya raba gungumen itace cikin ƙiftawar ido, naman mutum ba kome ba ne a wurinsa, kuma ba ya yanka sumul kamar wuƙa, yagewa yake yi, ya cusa mai da ɓarɓashi a cikin raunin.

Babban abin tsoro shi ne harbi. Zarto mai inji yana harbi kamar jaki, sai dai shi ba ya kwantar da kunne ya yi gargaɗi. Idan sashen sama na tsinin dogon ƙarfen ya taɓa wani abu, ko reshe ne a ɓoye, ko ƙusa, ko gungume na biyu a bayan wanda ake yanka, sai haƙorin ya cije maimakon ya yanka. Ƙarfin injin kuwa dole ya sami inda zai tafi, saboda haka sai ƙarfen ya yi tsalle sama da baya, ya nufi fuska da kafaɗar mai riƙe da shi, da saurin da hannun ɗan Adam ba ya iya tarewa. Domin wannan ne masu ƙera shi suka sa masa birki, wani marfi a gaban hannun hagu, wanda idan an buge shi gaba sarƙar take tsayawa nan take. Birkin nan ya ceci fuskoki da yawa, amma bai hana harbin ba, rage ɓarnarsa kawai yake yi. Abin da ke hanawa shi ne mutum ya san inda tsinin yake a kowane lokaci, kada ya yi yanka da shi, ya riƙe da hannu biyu, na hagu a gaba da babban yatsa naɗe a ƙarƙashin mariƙi, na dama a baya. Ko bahago haka zai riƙe, gama an ƙera injin ne a kan wannan riƙo. Ya kuma tsaya ta gefe kaɗan, yadda idan ƙarfen ya taso zai wuce ta kan kafaɗa. Ba a yanka abin da ya fi kafaɗa tsawo, ba a kuma hawa tsani da shi.

Itacen da guguwa ta kayar ya fi wanda ke tsaye mugunta, ko da yake ido ba ya nuna haka. Yana kwance kamar ya mutu, alhali kuwa jikinsa cike yake da ƙarfi a ɗaure. Gungumen da ya dogara a kan abu biyu, tsakiyarsa a rataye, samansa a matse yake, ƙasansa a miƙe. Wanda ya fara yanka daga sama ya zarce, itacen zai rufe ya cije ƙarfen. Wanda kuma ƙarshensa ɗaya ke lilo a iska, akasin haka ne. Ƙwararru sukan fara ɗan tsaga ta gefen da yake a matse, sa'an nan su ƙarasa ta gefen da yake a miƙe. Akwai kuma ƙaramin itacen da babba ya danne ya lanƙwasa shi kamar baka. Duk wanda ya taɓa ɗana tarkon asibta ya san abin da zai faru idan aka sake shi, sai dai wannan yana iya karya muƙamuƙi. Haka nan itacen da ya tuge da saiwarsa, idan aka raba gangar jikin da gindin, tulin ƙasa da saiwa yakan koma raminsa da nauyi mai yawa, saboda haka a kori yara daga wajen ramin tun kafin a tayar da inji. Wayar lantarki kuwa, idan tana cikin rassan, ko unguwa duka tana cikin duhu, a ɗauka da wuta a cikinta, a bar wa ma'aikatan kamfani.

Tufafin aikin suna da tsada, zafi kuma gare su, shi ya sa mutane ke ƙyale su. Yawancin raunuka a hannu da ƙafa suke, musamman na hagu. Akwai wani wando da ake ɗaurawa a kan na jiki, an cusa masa dogayen zaruruwa masu ƙarfi. Idan sarƙa ta taɓa shi sai ta jawo zaruruwan su cushe mata hanya, ta tsaya kafin ta kai ga fata. Sai hular kwano, da ragar kare fuska ko tabarau, da safar hannu, da takalmi mai ƙarfe a baki. Kunne ma a toshe shi, domin ƙarar injin ta wuce ma'aunin sauti 100, kurumtar da take kawowa kuwa a hankali take zuwa, ba ta kuma warkewa. Babbar riga, da rawani, da duk abin da ke lilo, a ajiye su a ɗaki.

Yawancin injunan da suka ƙi tashi a safiya irin ta bayan guguwa, tsohon fetur ne ya hana su. Fetur ɗin da ake sayarwa a gidajen mai na Amurka galibi an gauraya shi da sinadarin itanol kashi 10 cikin 100, shi kuwa yana jawo laima daga iska. Idan ya yi watanni a tanki sai ya lalace, ya toshe kafireto, ya cinye ƙananan robobi. Gauraye ya fi kyau a sha shi cikin wata guda, idan kuma za a ajiye injin ya daɗe, a juye tankin a bar shi ya yi ta aiki har ya mutu da kansa. Ma'aunin gaurayawa a yawancin injunan yanzu kashi 50 ne na fetur da kashi 1 na mai, watau mililita 100 a cikin lita 5, amma abin da mai ƙera injin ya rubuta shi ne abin bi. Fetur zalla yana kashe injin cikin 'yan mintoci. Akwai tanki na biyu na man da ke jiƙa sarƙa, a cika shi duk sa'ad da aka cika na fetur. Ba a zuba mai inji na da zafi, ba a kuma tayar da shi a inda aka zuba, sai an matsa mita 3 aƙalla. Wajen tayarwa a ajiye shi a ƙasa, a sa birki, a taka mariƙin baya da ƙafa, sa'an nan a ja igiya. Waccan al'ada ta sakin injin ƙasa da hannu ɗaya ana fizgar igiya da ɗayan, burgewa gare ta a ido, amma ta raunata cinyoyi da yawa.

Abin mamaki, sarƙa mai kaifi ta fi dakusassa aminci. Mai kaifi ita ke jan kanta cikin itace, tana zubar da ɓarɓashi manya-manya. Dakusassa kuwa gari take fitarwa kamar dusa, mai aiki ya yi ta dannawa, ya gaji, gajiya kuma ita ce ƙofar kuskure. Taɓa ƙasa sau ɗaya ya isa ya kashe kaifin. Ana wasa ta da siririn magagari mai zagaye daidai da girman haƙorin, a karkace wajen digiri 30 a yawancin sarƙoƙi, ana turawa waje ɗaya, kowane haƙori shafa iri ɗaya. A gaban kowane haƙori akwai wani ɗan tudu mai ƙayyade zurfin cizo. Masu gaggawa sukan goge shi fiye da kima domin injin ya ƙara ci, ya kuwa ƙara, amma harbinsa ma ya ƙaru. Ɗaurin sarƙa a duba shi injin na kashe: kada ta yi lilo a ƙarƙashin ƙarfen, kada kuma ta yi tsauri har hannu mai safa ya kasa jan ta.

Jihar Maryland ba ta bar al'amarin itace a hannun kowa ba. Tun 1914 take da dokar kare itatuwan bakin hanya, wadda ta hana sare su ko rage musu rassa sai da izni, mai karɓar kuɗi domin aikin manyan itatuwa kuma dole ya riƙe lasin daga ma'aikatar albarkatun ƙasa ta jihar. Bayan guguwa akan ga masu motoci suna bin gida-gida suna tayi da araha. Mai hankali yakan nemi ganin lasin da takardar inshora, gama idan ma'aikaci ya faɗo a gidan mutum, ko itace ya rushe katangar maƙwabci, arahar nan tana iya komawa shari'a.

A Afirka ta Yamma injin iri ɗaya ne, amma damuwarsa dabam. Ƙurar hunturu tana toshe matacin iska cikin kwana guda, saboda haka mai aiki a Katsina ko Maraɗi ya kamata ya buɗe ya kakkaɓe shi kowace yamma. Fetur ɗin galan na bakin titi sau da yawa akwai ruwa ko datti a ciki, a tace shi. Masu zuba tsohon baƙin mai da aka juye daga mota a tankin sarƙa suna ganin sun yi tattali, amma ɓarɓashin ƙarfen da ke cikinsa yana cinye famfon mai da dogon ƙarfen, kuɗin gyara ya fi na man. Busasshiyar kirya da tsamiya kuma suna dakusar da haƙori da wuri. Hukumomi ma suna sa ido a kan injin saboda saurin da yake cinye daji, har ƙasar Gana ta haramta tsaga katako da shi domin sayarwa tun 1998. Sa'an nan ga nisan asibiti. Mutumin Laurel idan ya yanke, motar ɗaukar marasa lafiya tana iso masa cikin mintoci, mai yanka a dajin Falgore kuwa yana iya yin sa'o'i kafin ya ga likita. Saboda haka kada ya shiga daji shi kaɗai, abokin aikinsa ya tsaya nesa da ninki biyu na tsawon itacen da ake kayarwa, a aljihunsa kuma a sami tsabtataccen ƙyalle mai kauri da zai danne rauni da shi da ƙarfi har a kai ga asibiti.