Annabin Ƙarya Ba Ya Zuwa Da Ƙaho

Maganar yau tana da nauyi, ku ba ni kunnenku.

A 2023, a dajin Shakahola na ƙasar Kenya, an tono gawarwaki sama da 400, cikinsu har da yara ƙanana. Mabiyan wani fasto ne, Paul Mackenzie, wanda ake tuhumarsa da sa su yin azumi har mutuwa wai don su sadu da Yesu. Kar ka ce kai ka fi ƙarfin ruɗi. Su ma da Littafi Mai Tsarki a hannunsu.

Ba ma sai mun je Kenya ba. Gwaggona tana da hawan jini. Wani "mutumin Allah" ya ce ta ajiye magani ta sayi mansa na shafewa. Ta sayar da awakinta biyu ta saya. Yau ɓarin jikinta ya shanye, shi kuwa ko leƙo ta bai yi ba.

To yaya za mu gane su? Na farko, kuɗi. A Ayyukan Manzanni sura 8, Siman mai sihiri ya so ya sayi baiwar Ruhu Mai Tsarki, Bitrus ya tsawata masa. Duk wanda ya sa wa addu'a farashi, ɗan kasuwa ne.

Na biyu, ba ya son tambaya. Mutanen Biriya, a sura 17, kullum suna binciken Nassi don su tabbatar da abin da Bulus ya faɗa, aka kuma yabe su. In an binciki Bulus, wane ne fastonka?

Na uku, yana raba ka da iyayenka da asibiti da makaranta, har ya zama shi kaɗai kake ji. A Matiyu 7 Yesu ya ce a duba 'ya'yan itace. Ka dubi rayuwar mabiyansa, ba yawan taronsa ba.

Amma fa kar ɓatagari su sa ka bar Almasihu. Akwai fastoci masu tsoron Allah da yawa, wasu ko babur ba su da shi. Ka zauna a ikilisiyar da ake karanta rahoton kuɗi a gaban kowa, ka buɗe Littafinka da kanka.

Ku tura wa wanda kuke tsoron an fara jan sa. Ubangiji ya tsare mu. Sai mako mai zuwa.