Jawabi A Kan Tabkin Ɗan Dutsi

Iyayenmu dattawa, da 'yan'uwa 'yan ci-rani na Ƙwanni, Sakkwato da Abijan, muna gaishe ku da hanya.

Tsofaffinmu sun san kafin daminar 1974 wurin nan ɗan gulbi ne da ke ƙafewa da rani, gonakin hatsi kewaye da shi. Ruwan shekarar ne ya cika kwarin, bai sāke ƙafewa ba. Aka sa masa kifi, aka kama noman rani a bakinsa. A 2005 aka shigar da shi cikin jerin wuraren ruwa na yarjejeniyar Ramsar, wadda ƙasashe suka ƙulla a Iran a 1971. Ke nan ba mu kaɗai ne idonmu ke kansa ba.

To, abin da ya tara mu yau shi ne mashaya. Kowace shekara ruwa na ja da baya, mai lambu na bin sa da shinge, har burtali ya toshe. Makiyayi ya zo da shanu daga nesa, ga ruwa yana gani, ba hanya. Daga nan sai ɓarna, sai sanda, sai gaban alƙali. Mu sani dokar makiyaya ta 2010 ta ce ruwan tabki na kowa ne, ba a hana dabba isa gare shi. Tun 1993 kuma dokar karkara ta kafa kwamitin filaye, wanda muke kira Kofo, don a shata irin waɗannan hanyoyi. Wasu shingayen ma, a faɗi gaskiya, da kuɗin da ku 'yan ci-rani kuka aiko aka kafa su.

Sai tsabtar ruwan. Mutum ya gama feshin albasa, ya wanke tulun feshi a bakin tabki, ƙasa kaɗan mata na ɗiban na sha, masunta na jefa taru. Yara kuwa tsargiya ce ke cin su. Mai ciwon ya yi fitsari a ruwa, ƙwan ya ƙyanƙyashe, tsutsar ta shiga katantanwa, ta fito ta huda fatar mai wanka. Ƙwayar da ake rabawa a makaranta tana kashe tsutsar, amma yaro ya koma ruwan gobe sai ya sāke ɗauka. Kurkunu ma da haka muke, sai da aka dage da tace ruwa, har aka tabbatar a 2013 cewa Nijar ta rabu da shi.

Ga roƙonmu. Masu gari su kira Kofo kafin a fara shingen bana, a kafa duwatsu a burtali, makiyaya na tsaye a wurin. A keɓe wurin wanke kayan feshi nesa da ruwa. Gudummawar bana kuma muna so a zuba ta a gina rijiyar sha. Wanda ke da magana a kai ya kawo ta ga ma'aji kafin a watse.