Ɗan Riƙo da Ranar Sallama
(Jawabin da aka gabatar a taron ƙungiyar ɗalibai)



Da aka ba mu wannan batu na tallafa wa 'ya'yan riƙo, sai wasu daga cikinmu suka ce ai wannan matsalar Turawa ce, mu a nan ɗa na kowa ne. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, domin riƙo tsohon abu ne a ƙasar Hausa. Goggo takan ɗauki 'yar ɗan'uwanta tun ranar yaye, kaka takan karɓi ɗan fari saboda kunyar da ke tsakaninsa da iyayensa, matar da Allah bai ba haihuwa ba kuwa ba a barin ɗakinta wayam. Baba ta Karo, tsohuwar nan ta ƙasar Zazzau wadda Mary Smith ta rubuta tarihinta aka buga a 1954, ba ta haihu ba, amma ta riƙi 'ya'yan wasu ta raine su.

To, amma mu tambayi kanmu, mene ne ya sa riƙon dā ya yi albarka? Lalle tuwo da tabarma suna ciki, sai dai babban abin shi ne yadda ake ƙare shi. Bafatake da ya riƙi yaro yakan tafi da shi Gwanja, ya ga yadda ake zaɓen goro da yadda ake ciniki, in ya ƙosa a yanka masa jari. Marini yakan tsayar da nasa a bakin karofi har hannunsa ya faɗa. Yarinya kuwa ba ta barin gida sai ta iya girki da wata sana'ar hannu, kuma bayan aure tana da ɗakin da za ta kawo kukanta. Watau yaro yana fita da sana'a, yana kuma fita da ubangida. Ko a Suratun Nisa'i, aya ta 6, an yi umurni a jarraba hankalin maraya kafin a miƙa masa dukiyarsa, ba a kuwa jarraba wanda ba a koyar ba.

Yau lamarin ya sake. Sau da yawa yarinyar da aka ɗauko daga ƙauye da sunan riƙo 'yar aiki ce marar albashi. Rikicin da ya ɓarke a Borno tun 2009 ya bar marayun da dangi ba su iya ɗauka, sai gidajen marayu. Dokar haƙƙin yara ta Nijeriya, ta 2003, ta ce yaro shi ne wanda bai kai shekara 18 ba. Ranar da ya cika su, ko ranar da mai riƙonsa ya rasu magada suka zo rabon gida, ita ce muke kira ranar sallama, kuma a kanta muke so hankalinku ya tsaya.

Ku duba abin da mu muka sani ba tare da an shiga aji da mu ba. Mun san yadda ake taya ɗakin haya, da yadda ake raba albashi ya kai ƙarshen wata, da yadda ake shiga ofis a gai da na gaba, da yadda ake zame wa mugun aboki ba tare da faɗa ba. Mun tsince su ne a zaure da tsakar gida, muna kallon iyaye. Wanda ya tashi cikin yara hamsin, ana kaɗa ƙararrawa a ba shi abinci, ina zai gan su? Ga kuma takardu. Tun 2021 ba a rajistar jarrabawar JAMB sai da lambar shaidar ɗan ƙasa. Takardar haihuwa tana hannun Hukumar Ƙidaya, takardar asali kuwa tana ƙaramar hukuma, inda tambayar farko ita ce wane ne ubanka, wace unguwa. Mun san saurayin da ya ci jarrabawarsa sarai, amma shekara ta wuce shi yana zirga-zirga a kan wannan tambaya, alhali da wani babba ya raka shi wurin mai unguwa, da magana ta ƙare cikin mako. Ku da kuke zaune a ofisoshin nan, wannan taku ce.

Turawan da muke cewa matsalar tasu ce sun daɗe da gane haka. A 1904 wani akawun kotun yara a birnin New York, Ernest Coulter, ya gaji da ganin yara suna komowa gaban alƙali, sai ya roƙi mutane kowa ya ɗauki yaro ɗaya ya zame masa wa. A Ingila dokar 2000 ta wajabta wa hukuma ta ba duk matashin da ya bar riƙo mashawarci na kansa har ya kai shekara 21, a 2017 aka miƙa abin zuwa 25. In kun lura, ubangida ne suka ƙago da ƙarfin doka, mu kuwa muna da shi muna sakaci.

Abin da muka saba yi, a gafarce mu, shi ne mu cika mota ranar Salla da buhun shinkafa da kwalin sabulu, mu ɗauki hoto, mu juyo. Ba mu raina shinkafa ba, amma yaron bai riƙe sunan ko ɗayanmu ba.

Saboda haka ga shawararmu. Kowane mai niyya ya ɗauki matashi ɗaya tak, mai shekara 15 zuwa sama, maza da maza, mata da mata, da sanin mai riƙonsa da ofishin jin daɗin jama'a, kuma a riƙa ganawa a sarari, domin ba kowane mai fara'a ne mai amana ba. A gan shi sau biyu a wata, har shekara biyu aƙalla. A kai shi banki ya buɗe asusu da hannunsa, a zaunar da shi ya rubuta takardar neman aiki, a haɗa shi da tela ko makanike in can zuciyarsa take. Kada a fara da kuɗi, kada kuma a yi alkawarin da ya fi ƙarfin aljihun ɗalibi. Watan farko zai yiwu ya ƙi sakin jiki, ko ya yi muku ƙarya don ya ga ko za ku gudu. Wanda ya san in jarrabawa ta matso zai ɓace, muna roƙonsa don Allah kada ya fara, gama waɗannan yara an riga an tafi an bar su sau ɗaya.

Sakatare yana bakin ƙofa da littafi. Masu niyya su rubuta suna da sashe, da sana'ar da suka iya ban da karatu. Wassalam.