MAZAN JIYA NA TSIBIRAN PASIFIK: WA AKA TUNA, WA AKA MANTA?

Wannan shi ne jawabin da aka yi wa samarin jam'iyyarmu a wurin taronsu na mako. Mun buga shi yadda aka faɗe shi.



Yau ba maganar haraji ko zaɓe na zo da ita ba. Zan kai ku nesa, can tsakiyar tekun Pasifik, inda Amurka da Japan suka gwabza a Yaƙin Duniya na Biyu. Kada wani ya ce ina ruwanmu. Ku dai saurara.

Amurka tana da wasu soja da ake kira Marin. Aikinsu shi ne jirgin ruwa ya kai su bakin gaɓa, su diro cikin ruwa, su ƙwace tudu daga hannun wanda ya riga ya haƙa rami yana jiransu. Haka suka bi tsibiran nan ɗaya bayan ɗaya, tun daga Gwadalkanal a 1942 har Okinawa a 1945.

A Tarawa, cikin Nuwamba 1943, ruwa bai cika yadda manyan hafsoshi suka lissafta ba. Kwale-kwale suka maƙale a kan duwatsun ruwa, yara suka taka da ƙafa, ruwa iya ƙirji, harsashi na zuba. Cikin awa 76 Marin wajen dubu suka mutu. Kuskuren na masu lissafi ne, gawar kuwa ta 'ya'yan talakawa. A ɓangaren Japan sojoji 17 kaɗai suka tsira da rai, sai leburori 129 'yan Koriya, mutanen da Japan ke yi wa mulkin mallaka, aka kwaso su haƙa ramuka a yaƙin da ba nasu ba.

Sai Iwo Jima. Ɗan tsibiri ne na baƙin yashi mai warin farar wuta, faɗinsa duka murabba'in mil 8. Janar Kuribayashi ya sa an huda ƙarƙashinsa da hanyoyi, ya ɓoye soja wajen 21,000. Marin suka sauka ran 19 ga Fabrairu 1945, aka kwana 36 ana yi. Amurkawa kusan 6,800 suka mutu, na Japan kuwa ɗan kaɗan ne suka fito da rai.

Da yawanku kun ga hoton nan na soja shida suna kafa tuta a kan dutsen Suribachi. Uku daga cikinsu ba su bar tsibirin da rai ba. Ɗaya daga waɗanda suka tsira shi ne Ira Hayes, ɗan ƙabilar Pima, wato 'yan asalin ƙasar da Turawa suka tarar a Amurka. Gwamnati ta yi ta yawo da shi gari gari don a tara kuɗin yaƙi. A Nuwamba 1954 aka buɗe ƙaton gunkin tagulla na wannan hoto kusa da birnin Washington, manya suka yi jawabi. Ba a yi wata uku ba aka tsinci gawar Hayes a ƙauyensu, cikin talauci, giya ta gama da shi. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi!

To, ga inda nake so ku buɗe kunne. A kan wannan yashi akwai baƙar fata, jikokin bayi. Da can an hana su shiga Marin sam. Sai da shugaban 'yan ƙwadago A. Philip Randolph ya yi barazanar jan dubban mutane zuwa Washington, sannan Shugaba Roosevelt ya sa hannu a doka a 1941. Ku lura, ba roƙo ne ya buɗe ƙofar ba. Da aka ɗauke su kuma sai aka ware musu bariki dabam a Montford Point, inda wajen mutum 20,000 suka yi horo tsakanin 1942 da 1949. Aikin da aka ba yawancinsu shi ne dakon harsashi da ɗaukar masu rauni, a Saipan da Peleliu da Iwo Jima, wuta na sauka a kansu kamar kowa. Har yaƙin ya ƙare ba a ba ko ɗaya daga cikinsu muƙamin hafsa ba. Frederick Branch ya fara samu, a Nuwamba 1945. Lambar girma ta Majalisar Amurka kuwa sai a 2012 ta zo musu, bayan shekara 67, yawancinsu suna kabari.

Su ma mutanen Iwo Jima, talakawa wajen dubu, gwamnatinsu ta kwashe su a 1944. Amurka ta mayar wa Japan tsibirin a 1968, tsofaffin sojan ƙasashen biyu sun haɗu a can a 1985 sun yi musafaha, amma masu gonakin ba a bar su sun koma zama ba.

Yanzu ku dawo gida. A daidai watannin nan, kakanninmu na Runduna ta 81 da ta 82 suna dajin Bama suna yaƙi da wannan Japan ɗin, da kaya a ka. Da aka gama, Ingila ta biya kuɗin sallama bisa launin fata, na Bature dabam, na baƙi dabam. Akwai barikin Chindit a Zariya, sunan yaƙin Bama ke nan. Amma wa zai iya kawo mini sunan mutum biyar na unguwarsa da suka je Bama? Na ga ana kallon ƙasa.

Saboda haka ina roƙon sakataren kowane reshe ya sami littafi. Ku bi gida gida, ku tambayi tsofaffi mata, su ne suka fi riƙe sunaye. Ku rubuta sunan sojan, da garinsu, da lambarsa in takardar sallama tana nan, da ko ya dawo ko bai dawo ba. A kawo littattafan a taron wata mai zuwa, mu karanta sunayen a nan da babbar murya.