Mai Kiwon Kifi, Ruwa Take Kiwo

Jawabin da ɗaya daga cikin mambobinmu ta gabatar a bikin zagayowar ranar kafa ƙungiya

Hajiya shugaba, ma'ajiyarmu, malamanmu na ajin yaƙi da jahilci, iyayena mata, yayyena da ƙannena na Batsari da na Safana, da mazajenmu da suka daure suka zo, sannunku da zuwa. Allah Ya maimaita mana, Ya sa mu ga na baɗi da rai da lafiya.

An ce in yi magana kan sana'ar da mace za ta iya yi a tsakar gidanta. Ni 'yar kasuwa ce, kayan miya da bandar kifi nake sayarwa, kuma ina kiwon tarwaɗa a gida. To a kan abin da hannuna ya taɓa zan tsaya.

Ba sai na tuna muku halin da muke ciki ba, mu da muke bakin dajin Rugu. A da bankin mace shi ne akuyarta da tunkiyarta. Yau wace ce a cikinmu ba ta san gidan da aka kore wa dabbobi cikin dare ɗaya ba? A 2021 gwamnatin jiha ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanninmu saboda tsaro, aka rufe layukan waya, mai akuya ma ta rasa inda za ta kai ta. Gona mai nisa kuwa ta zama sai addu'a. Shi ya sa hankalin mata da yawa ya koma kan kifi: yana cikin gida, ba ya fita kiwo, ba a kora shi daji. Amma ina jin tsoron kada mu ɗauki kuɗin adashi mu zuba a tanki don kawai mun ga maƙwabciya ta yi. Kifi na iya mutuwa gaba ɗaya tsakanin isha'i da asuba, kuma yawanci ruwa ne ke kashe shi.

A ajinmu malama ta taɓa nuna mana a waya wani akwatin gilashi da masu hali ke ajewa a falo, a Legas da Abuja da ƙasashen Turai. Ruwan teku ne a ciki, da kifaye masu launi kamar atamfa, da murjani mai rai. E, murjanin nan dai da iyayenmu ke yi wa amarya ado da shi, asalinsa wata halitta ce a ƙarƙashin teku. Masu wannan akwati ruwan da kansu suke haɗawa: gishirin teku na musamman kamar giram 35 a kowace lita. Ba sa saka kifi ranar da suka haɗa. Sai sun bar akwatin ya yi makonni yana aiki, har wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani su yaɗu a jikin duwatsun ciki, waɗanda ke cinye gubar kashin kifi. Sannan su sa kifi ɗaya ko biyu, su sake jira. Kowane mako ko biyu su ɗebe kamar kashi 10 cikin 100 na ruwan su zuba sabo. In ruwa ya ragu saboda zafi, ruwan daɗi suke ƙarawa, don gishiri ba ya bin tururi. Ga fitila ta musamman don murjanin, ga injin da ke motsa ruwa dare da rana.

Wannan ba namu ba ne. Teku tana da nisa ƙwarai daga nan, wutar lantarki kuma kun san yadda take. Amma na ɗauki abu ɗaya daga gare su: duk hidimarsu a kan ruwa take. Mu ma haka ne. Su injin tacewa gare su, mu injinmu bokiti ne da tiyo.

Allah Ya taimake mu da tarwaɗa. Tana da juriya, tana hawowa sama ta shaƙi iska, don haka ba ta buƙatar inji. Amma kashinta da ragowar abinci suna zama guba a ruwa, wadda ake kira amoniya. Ido ba ya ganinta. Hanci ne zai gaya miki, da yadda kifin ke tsayawa tsaye a saman ruwa, ya ƙi cin abinci. Ruwa ba ya tsami banza, in kin ji wari, kin riga kin makara da kwana ɗaya.

Saboda haka tambaya ta farko kafin ki sayi ko ɗan kifi guda: ina ruwanki? In kina da rijiya a gida ko burtsatse kusa da ba ta ƙafewa a bazara, bismillah. In kuwa a wurin 'yan garuwa kike saye, ki yi lissafi tukuna, don ribar na iya tafiya a jarka. Ruwan famfo in da maganin kulorin a ciki, a tara shi ya kwana a buɗe kafin a zuba.

Na biyu, mazubi. Tankin roba mai lita 1,000 da aka yanke samansa ya isa a fara, ko na tamfol. A sa masa bututun zubar da ruwa a ƙasa, don datti ƙasa yake kwanciya. A aje shi a inuwa, a rufe da raga saboda tsuntsaye da kyanwa, kuma don Allah saboda yara ƙanana. Mai rarrafe ba ya buƙatar ruwa mai zurfi kafin a shiga uku. In na siminti aka gina, kada a sa kifi nan take. A cika shi da ruwa ya yi mako biyu, a zubar, a wanke, don sabon siminti yana kashe kifi.

Na uku, kada ki cika. A lita 1,000 mai farawa ta tsaya a kifi 50 zuwa 60. Ki sayi waɗanda suka ɗan tasa, kamar tsawon yatsa, masu kai ɗaya. Ki ɗauko su da sanyin safiya. Kada ki juye su kai tsaye, ki riƙa zuba ruwan tankin kaɗan-kaɗan cikin jarkarsu har su saba, kuma ranar farko kada ki ba su abinci.

Na huɗu, abinci, wanda shi ne ya fi cin kuɗi. Buhu kilo 15 ne. Kifi 50 kafin kowanne ya kusa kilo 1, cikin wata 5 zuwa 6, ki sa ran buhu 4 ko 5. In ba ki da kuɗin buhun nan a hannu ko a alkawari, ki dakata. Sau biyu ake ba su, safe da yamma, ana watsawa kaɗan-kaɗan. Da sun rage warwaso ki tsaya. Abincin da ya rage a ruwa asara biyu ce, kuɗi ya tafi, ruwa ya ɓaci. A hunturu tarwaɗa ba ta ci sosai, ki jira rana ta ɗaga, ki rage hannu, da dare ki rufe tankin.

Na biyar, sauya ruwa. Suna ƙanana, kowane kwana 2 ko 3 ki rage rabi ki ƙara sabo. In sun girma kusan kullum ne. A sauya kafin a ba su abinci, kada a tayar musu da hankali da cikakken ciki. Ruwan da kika zubar taki ne, ki ja shi gindin zogale da alayyafo da yakuwa. Kuma kowane mako biyu ki ware manya daga ƙanana, don tarwaɗa na cin 'yar'uwarta. In kin ga ciwo a jikinsu, gishiri kilo 1 zuwa 2 a tankin lita 1,000 yana taimakawa. Magani kuwa kada a zuba da ka. Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, nan kusa da Safana, tana da sashen nazarin kiwon kifi, a tambayi masana.

Sai littafi. Ni da girmana na koyi riƙe biro, kuma a nan na ga amfaninsa. Ki rubuta ranar da kika zuba, guda nawa, buhu nawa, nawa suka mutu, nawa kika sayar. Wadda ba ta rubutu, ranar kamu za ta ga kifi cike da baho ta ɗauka riba ce. Kuma ki san mai sayenki tun kafin su girma, don masu kamun Dam ɗin Zobe ma kasuwa ɗaya muke shiga da su. Abin da bai shiga ɗanye ba a yi bandarsa, ya jira kasuwa.

Roƙona ga shugabanni shi ne, kada a raba rance ga kowa a lokaci ɗaya. A zaɓi mata uku masu ruwa a gida, a haɗa musu sayen 'ya'yan kifi da abinci a sari, kowace ta riƙe littafi. Bayan wata 6 su kawo littattafan nan gaban taro mu karanta tare, riba ko faɗuwa. Kuɗin nan gumin zawarawa ne da masu riƙon marayu, bai kamata a yi gwaji da shi duka ba.

Allah Ya ba mu zaman lafiya a garuruwanmu, Ya mayar da waɗanda suka bar gidajensu, Ya sa albarka a abin da muke nema.