Tarakta Mai Bin Saitin Tauraron Ɗan'adam: Ina Rabon Garbadu?
Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiyarmu ta ci gaban gari



Mu da muka ƙare rayuwarmu tsakanin allo da alli, in an ba mu dama mukan fara da tarihi, sannan lissafi. To, ga tarihin. A 1978 aka kammala madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, aka tsara noman rani na kimanin hekta 23,000 a ƙasashen Talata Mafara da Bakura da Maradun. Mafi yawan filin an shirya shayar da shi da bututan yayyafi masu aiki da famfo da lantarki. Da injunan suka fara lalacewa aka rasa masu gyara da kayan gyara, sai filayen suka bushe muna ji muna gani. Ba mu kuma manta da rikicin diyyar gonaki na 1980 ba, wanda aka rasa rayukan manoma a cikinsa. Allah Ya jiƙansu. A 2014 Bankin Duniya ya amince da shirin TRIMING, wanda ya sa Bakolori cikin wuraren da za a farfaɗo da su. Darasin a nan shi ne, na'urar da ba a koya wa 'ya'yan gida riƙonta ba, baƙuwa ce, kuma baƙo raɓa ne.

Mun kawo wannan ne domin wata na'urar ta sake fitowa. Taurarin ɗan'adam na GPS, waɗanda Amurka ta harba, suna kewaya duniya a nisan kilomita kusan 20,000, suna aiko da saƙo dare da rana. Tun shekarar 2000 da gwamnatin Amurka ta daina dusashe saƙon da gangan ga farar hula, manoman can suka rungumi abin. Akan ɗora wa tarakta wani ɗan faifai a rufinta, a sa allo a gaban direba. Direba ya yi layin farko daga wannan gefen gona zuwa wancan, na'urar ta haddace shi, sannan ta riƙa nuna masa inda layi na biyu da na uku za su bi daidai da faɗin injin feshinsa. Mai sauƙin kuɗi fitilu take kunnawa, in ya karkace ta nuna masa. Mai tsada ita ke riƙe sitiyari da kanta, kuma in an haɗa ta da ƙaramar tasha a ƙasa, kuskurenta bai wuce santimita kaɗan ba.

Ga lissafin kuma, irin na aji biyar. A ce faɗin injin feshi mita 12 ne. Direba yana aiki da ido, yana tsoron ya bar gurbi, sai ya riƙa hawa kan layin baya da mita 1. Ke nan cikin kowane kashi 12 na maganin, kashi 1 ya zuba inda an riga an fesa. Haka abin yake ga takin zamani: a buhu 12, buhu guda ya tafi a banza. Asarar kuma ba ta tsaya a aljihu ba. Inda maganin ciyawa ya ninka, shuka takan ƙone. Inda yuriya ta yi yawa, shinkafa takan yi ganye ta kwanta. Inda aka tsallake, ciyawa ta samu gida. Ragowar kuma ruwa ya wanke ta zuwa magudanai da gulbin da dabbobinmu ke sha. Duk wanda ya sayi taki ko man gas tun bayan cire tallafin mai a 2023 ya san buhu guda ba abin wasa ba ne.

Kada a ce abin na Turawa ne kawai. Kamfanin Hello Tractor, da aka kafa a 2014 ya fara aiki a Nijeriya, yana liƙa wa taraktoci na'urar GPS domin mai tarakta ya san inda take da faɗin filin da ta nome. Wayar da ke aljihunku ma tana iya auna gona in an kewaye iyakarta da ƙafa.

Sai dai mu faɗa wa kanmu gaskiya. Gonakinmu ƙanana ne, gado ya yayyanka su, kuma yawancin feshinmu da injin goyo ake yin sa. Tarakta mai dogon hannu ba ta da wurin juyawa a rabin eka. Ga kuma matsalar tsaro da ta hana wasu zuwa gonakinsu na nesa, muna roƙon Allah Ya kawo mana ƙarshenta.

Saboda haka muna ba ƙungiya shawara uku. Na farko, a zauna da ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, a shawo kan maƙwabtan gona su riƙa shuka iri ɗaya a lokaci ɗaya, domin a yi musu aiki a matsayin fili guda, kowa da iyakarsa a rubuce. Na biyu, a auna gonakin da GPS a gaban masu unguwanni da dattawa, don manomi ya sayi taki daidai filinsa, rigimar iyaka kuma ta ragu. Na uku, kafin a sayi ko da ƙusa, a ɗauki nauyin samari biyu ko uku su koyi tuƙi da gyara da auna magani. Ga kwalejin aikin gona a Bakura, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau a Talata Mafara, duk a ƙofar gidanmu.

'Yan'uwa mazauna birni, da gero da dawar gonakin nan aka biya kuɗin makarantarku. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Akwai injiniyoyi a cikinku, akwai ma'aikatan banki, akwai 'yan kasuwa. Muna roƙon a kafa kwamiti yau, ya kawo mana rahoto da kiyasin kuɗi kafin shukar rani mai zuwa.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya mai da kowa gidansa lami lafiya. Wassalamu alaikum.