Lamho uku bisa albashi guda: yadda ake biyan haraji a birnin Niyok



Jawabin wanga wata ya shafi lamho. Amma ba lamhon Nijar ba. Na wani gari ne mai nisa, birnin Niyok, cikin ƙasar Amurka. Akwai ƴan Nijar da ƴan Gana da ƴan Najeriya da sunka tafi biɗa can. Da dama cikinsu suna zaune unguwannin Buronkis da Harlem. Wasu suna tuƙin taksi, wasu suna gadi, wasu suna aiki cikin kantuna. Iyalinsu na gida sukan ji labarin albashi mai yawa, sa'an nan su ga saƙo kaɗan. Sai zargi ya shiga tsakani. Wanda ya san yadda ake yanke lamho can, ba shi saurin zargin ɗan'uwa.

HUKUMA UKU

Amurka tana da jihohi 50. Kowace jiha tana da gwamnanta da majalisarta da dokokinta na lamho. Niyok sunan jiha ne, kuma sunan birni ne cikin jihar. Ƙidayar 2020 ta nuna mutanen jihar sun wuce miliyan 20, na birnin sun kusa miliyan 9.

Mai zama cikin birnin, hukuma uku ke amsar lamho bisa abin da ya samu. Ta fari ita ce gwamnatin ƙasa, a Washinton. Ta fara amsa tun 1913. Ta biyu ita ce gwamnatin jiha, a garin Albani. Ta fara a 1919. Ta uku ita ce hukumar birni. Ta fara a 1966. Da waɗannan kuɗi ake biyan malaman makaranta da ƴan sanda da masu kashe gobara, ana gyaran hanyoyi, ana taimakon talakawa da magani.

Ba haka abin yake ko'ina cikin Amurka ba. Jihohi 9 ba su yanke komi bisa albashi, kamar Tekzas da Fulorida. Shi ya sa ake lissafa Niyok cikin wuraren da lamho ya fi nauyi.

BA LAMHON KAI BA NE

Nan karkara, lamho na kai ne. Mai gari shina tarawa, kowa da abin da anka sa mishi. Can kuwa, samu ake dubawa. Mai samu kaɗan shi biya kaɗan, mai samu da yawa shi biya da yawa. A shekarar 2024, rabon gwamnatin ƙasa ya tashi daga kashi 10 cikin 100 zuwa kashi 37. Na jiha ya tashi daga kashi 4 zuwa kusan kashi 11. Na birni ya tashi daga kashi 3 zuwa kusan kashi 4. Kashi na sama na gwamnatin ƙasa da na jiha, sai manyan attajirai ke kai gare shi.

Akwai kuma wani yanka na huɗu, na asusun tsufa da maganin tsofaffi. Shi ma ya haura kashi 7 cikin 100 na albashi.

GA LISSAFI

Kuɗin Amurka sunansu dola. Kada a haɗa su da dala ta kasuwannin Nijar.

A ɗauki misalin gwauro, mai gadin wani kanti, da ke zaune Buronkis. Albashinshi na shekarar 2024 dola 40.000 ne. Kafin a yi lissafi, doka tana yafe mishi wani yanki. Gwamnatin ƙasa ta yafe 14.600. Jiha da birni sun yafe 8.000. Bisa saura ake yankewa.

Asusun tsufa da magani: 3.060.
Gwamnatin ƙasa: wajen 2.800.
Jiha: wajen 1.600.
Birni: wajen 1.100.

In an haɗa, ya kama wajen 8.560. Ke nan, cikin kowace dola 100, fiye da 21 sun tafi tun ba su shiga aljihu ba. Cikin abin da ya rage zai biya hayar ɗaki da abinci da tufafin sanyi da kuɗin jirgin ƙasa. Bayan haka ne zai aiko gida.

INDA MUTUM KE ZAUNE

Lamhon birni mazauni yake bi, ba wurin aiki ba. Birnin yana da yanki 5: Manhatan, Buronkis, Burukilin, Kwins da Sitatin Ailan. Duk mai zama ɗaya cikinsu shina biya. Da can, wanda ke kwana waje ya shigo aiki shi ma shina biyan wani abu. An soke wanga doka a 1999. Yau mai zama jihar Niyu Jasi, ƙetaren kogi, in shina aiki Manhatan, shina biyan lamhon jihar Niyok bisa albashin, amma ba shi biyan na birni.

Wasu sukan ba da adireshin aboki na wajen birni don su tsira. Wannan laifi ne. Doka ta ce wanda ke riƙe da gida cikin birnin, kuma ya yi fiye da kwana 183 ciki, mazauni ne. Ko awa guda ya yi a rana, ana ƙidaya ta kwana guda.

Zuwa ganin gida ma ba shi fid da mutum daga lissafi. Wanda ya zo Maradi ko Damagaram ya yi wata uku, ya bar ɗakinshi da aikinshi can, mazaunin Niyok ne har ƙarshen shekara. Kuma ana tambayar mazauni duk abin da ya samu, ko daga ina. In shina da gidan haya a Tawa ko a Yamai, sai ya rubuta kuɗin hayar.

RANAR 15 GA AFRILU

Mai albashi, kamfani ke yanke mishi lamho kowane biya. Ƙarshen watan Janairu sai a ba shi takarda mai suna W-2. Tana nuna abin da ya samu bara da abin da anka yanke. Da ita zai cika takardun lamho, shi aika kafin 15 ga Afrilu ta wuce. Ta gwamnatin ƙasa daban. Ta jiha da ta birni guda ce, domin jiha ke amsar ma birni. In an yanke fiye da kima, ana mayar mishi da rara. In bai kai ba, sai shi cika.

Mai aikin kanshi, kamar yawancin direbobin taksi, babu mai yanke mishi. Shi ke ajiyewa, shi biya sau huɗu: Afrilu, Yuni, Satumba da Janairu. Rabonshi na asusun tsufa ninki biyu ne, fiye da kashi 15. Kuɗin da ke hannunshi ba duka ba ne nashi. In iyali sunka matsa mishi ya aiko su, bashi ya hau shi. Wanda ya makara da takarda, ana ci mishi tara ta kashi 5 cikin 100 na bashin kowane wata, har ta kai kashi 25.

ƊIYAN DA KE GIDA

Doka tana rage ma mai iyali lamho. A jihar Niyok ana yafe dola 1.000 bisa kowane ɗa. Amma ba kowane ɗa ba. Gwamnati tana lissafa wanda ke da takardar ɗan ƙasa, ko mazaunin Amurka ko Kanada ko Mekziko. Ɗan da anka haifa Nijar, shina zaune Nijar, ba shi da takardar Amurka, ba shi shiga lissafi, ko da uban ke ci da shi. Tsohuwa da tsoho ma hakanan. Wanda ya rubuta su don shi samu rangwame ya yi ƙarya ga hukuma. Ranar da zai nemi zama ɗan ƙasa, ana tambaya tai batun lamho. Ƙaryar jiya tana iya rufe mishi ƙofa.

Wani sabon abu kuma ya shigo. Tun 1 ga Janairun 2026, wanda ya kai tsabar kuɗi wurin masu aikawa waje shina biyan kashi 1 cikin 100. In daga asusun bankinshi na Amurka ya aika, ba a yanke wannan.

ABIN DA IYALI ZA SU RIƘE

Na fari, albashin da anka faɗi ba shi ne ke shiga hannu ba. Na biyu, in ɗan'uwa ya ce shina tanadin lamho, a yi mishi haƙuri har Afrilu ta wuce. Na uku, kada a tura shi ga rubuta abin da ba gaskiya ba. Na huɗu, in shina da gidan haya ko wata dukiya nan gida, mai kula da ita shi rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, wata bayan wata. Ranar lissafi, littafin zai bukata.

Allah shi kiyaye matafiya, shi maido su gida lafiya.